Sabunta tikitin shekara na Disney World: lissafin da za ka yi kafin ka biya

Wanda ke riƙe da tikitin shekara na Walt Disney World, katafaren wurin shaƙatawar nan da ke gefen birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, yana da kwana 90 da zai yanke shawara a cikinsu. Ana buɗe masa damar sabuntawa tun saura kwana 60 tikitin ya ƙare, sannan a ɗaga masa ƙafa har kwana 30 bayan ya ƙare. A tsakanin nan saƙonni za su yi ta shigo masa, duk suna tuna masa rangwamen da zai rasa idan ya yi sake. Rangwamen gaskiya ne, sai dai ba da shi ake farawa ba. Ana farawa ne da tambayoyi uku: kwana nawa ka shiga a shekarar da ke ƙarewa, kwana nawa za ka iya shiga a mai zuwa, kuma nawa waɗannan kwanakin za su ci maka in babu tikitin shekara a hannunka. Takarda da biro da zaman awa ɗaya sun isa a samo amsa. A kan Disney World aka gina matakan da ke ƙasa, amma mai irin wannan tikiti na Universal, wani kamfanin da ke da nasa wuraren shaƙatawa a Orlando, ko na Disneyland ta Kalifoniya zai iya bin su da nasa alƙaluman.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Tun 8 ga Satumba 2021 Disney World ke sayar da tikitin shekara iri huɗu, kuma babban abin da ya raba su shi ne ranakun da aka toshe, wato ranakun da tikitin ba zai buɗe maka ƙofa ba.

Pixie Dust Pass shi ne mafi araha. Na mazauna Fulorida ne kaɗai, kuma kusan na ranakun aiki ne zalla, domin an toshe yawancin Asabar da Lahadi da lokutan hutu. Pirate Pass ma na mazauna jihar ne. Yana ba da yawancin ƙarshen mako, ya hana lokutan cunkoso. Sorcerer Pass na mazauna Fulorida ne da wasu 'yan ƙungiyar masu hannun jari a masaukan hutu na Disney, kuma toshiyarsa kaɗan ce, wajen bikin godiya na ƙarshen Nuwamba da kuma Kirsimeti zuwa sabuwar shekara. Incredi-Pass ba shi da ranar toshiya ko ɗaya, kuma shi kaɗai ne wanda ke zaune a wajen Fulorida zai iya saya ba tare da wani sharaɗi ba.

A ranar da aka fito da su kuɗinsu dala 399 ne, da 699, da 899, da 1,299. Zuwa Oktoban 2024 sun koma 469, da 829, da 1,079, da 1,549. Duk waɗannan kafin haraji ne, wanda ke ƙara kashi 6.5 cikin ɗari. Yaro ba shi da nasa farashin dabam: da zarar ya cika shekara uku, kuɗin babba za a biya masa. Wannan kan ba iyaye mamaki a shekarar da ƙaramin gida ya cika uku, domin iyalin da ke sayen tikiti uku sun koma sayen huɗu ke nan.

Buɗe manhajar My Disney Experience ka rubuta abu uku: sunan tikitinka, ranar da zai ƙare, da farashin sabuntawar da aka nuna maka. Wannan farashi ya fi na sabon saye sauƙi, kuma shi za ka sa a lissafinka maimakon alƙaluman da ke sama.

Mataki na biyu: ƙirga kwanakin da ka shiga da gaske

Nan ne aka fi yaudarar kai. Tambayi mai tikiti sau nawa ya je, zai ce ai kusan kowane wata. Ƙwaƙwalwa na riƙe ranar daɗi, ta manta da watanni ukun da ba a taka ƙafa ba. Don haka kada ka dogara da ita. Bi hotunan da ke wayarka wata bayan wata. Duba bayanan katin bankinka, domin da wuya a shiga a fito ba a sayi ko ruwan sha ba. Duba imel ɗin da ake turowa duk lokacin da ka kama gurbin shiga, wato ka yi rajistar ranar da za ka je tun kafin ta zo. In kana da na'urar biyan kuɗin titi ta SunPass, ita ma tana ajiye kwanan wata.

Ka yi wa kowane mutum na gida nasa layin. Ba sabon abu ba ne uwargida da yara sun je sau goma sha biyu, maigida ya je sau huɗu saboda aiki. Ba dole ba ne kowa ya sabunta, kuma ba dole ba ne kowa ya riƙe iri ɗaya.

Bayan haka sai ka raba kwanakin gida uku. Na farko cikakken yini, tun daga buɗe ƙofa har yamma ko dare. Na biyu leƙawa ta awa biyu ko uku, kamar a je EPCOT, ɗaya daga cikin filayen wasa huɗu na Disney World, da la'asar a ɗan zaga a ci abinci a dawo. Na uku kuwa ranakun da aka je don kawai kada kuɗin tikiti ya tafi a banza: an tashi ba da niyya ba, yara na ƙunƙuni, an dawo a gajiye. Cikakken yini ka ba shi maki ɗaya. Leƙawa ka ba ta rabi ko sulusi, domin da kuɗin ƙofa za ka biya a ranar, ba za ka je ba. Kashi na uku sifili ne. Bai sama maka komai ba, mai da abinci ma ya ci.

Ga misali da alƙaluman Oktoban 2024. Iyali ne na mutum huɗu da ke zaune a Tampa, dukansu da Pirate Pass. Dala 829 sau huɗu ya ba da 3,316, da haraji ya zama kusan 3,532. Sun ƙirga sun ga shiga goma sha ɗaya: cikakken yini shida, leƙawa huɗu, da rana ɗaya ta dole. Makinsu takwas ne. Raba 3,532 gida takwas, kowane yini ya tsaya musu a kusan dala 441, wato dala 110 a kan kowane mutum. Riƙe wannan adadi, da shi za a yi aiki a gaba.

Mataki na uku: gwada shi da mafi arahar hanyar da za ka bi in babu shi

Masu talla sun fi son ka gwada tikitin shekara da tikitin yini ɗaya, wanda a 2025 ya fara daga dala 119 ya doshi 200 a filin Magic Kingdom lokacin cunkoso. Da wannan ma'auni, shiga shida ko bakwai sai a ce kuɗi ya fito. Amma wanda ya san wurin ba ya sayen tikitin yini ɗaya sau bakwai, don haka gwajin bai yi adalci ba.

Mazaunin Fulorida yana da tikitin 'yan jiha da Disney ke fitarwa a farkon shekara. A 2025 na kwana huɗu ya kama dala 240, wato 60 a rana, kuma ba sai an yi kwanakin a jere ba. Iyalin misalinmu za su biya 960, da haraji kusan 1,022, su ƙara kuɗin fakin na kwana huɗu a dala 30, jimla kusan 1,142. Sun samu huɗu daga cikin cikakkun yininsu shida ke nan da abin da bai kai sulusin kuɗin tikitin shekara ba. Ko da za su sayi ragowar biyun a dala 150 kowane mutum, wato 1,200 kafin haraji, duka-duka ba za su kai 2,500 ba. Abin da suke biyan sama da dala dubu a kansa shi ne leƙawar nan huɗu da 'yancin tashi kawai a tafi. Ga wasu iyalan 'yancin ya kai haka, musamman masu yara ƙanana da ba sa iya yini guda a rana. Ga wasu bai kai ba. Abin da ake so shi ne ka ga adadin da idonka kafin ka ce ya kai.

Wanda ke zuwa daga wata jiha ko wata ƙasa, nasa gwajin da tikitin kwanaki da yawa ne, wanda ake sayarwa har na kwana goma, kuma kuɗin kowace rana na raguwa sosai bayan kwana na huɗu ko na biyar. Incredi-Pass a farashin Oktoban 2024 na 1,549 da haraji ya kusan 1,650. Tafiya ɗaya a shekara, ko ta mako guda ce, ba ta fitar da wannan kuɗi. Sai an yi tafiya biyu masu tsawo a cikin wata goma sha biyu sannan maganar take fara daidaita. Shiga shafin tikiti, sa ainihin ranakun da kake son zuwa, ka haɗa da ƙarin kuɗin tsallakawa daga fili zuwa fili a rana ɗaya in har kana yin hakan, tun da tikitin shekara ya ƙunshi wannan. In ba ka saba tsallakawa ba, kada ka sa shi don kawai lissafi ya yi kyau.

Mai zuwa daga Najeriya yana da ƙarin abin dubawa da ya fi farashi: a watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wa'adin wata uku. Tikitin da ribarsa ta rataya a kan tafiya ta biyu bai kamata a biya shi ba sai takardun tafiyar suna hannu, domin ba a mayar da kuɗinsa, ba a kuma sauya masa suna.

Mataki na huɗu: auna garaɓasar da ke biye da shi

Fakin kyauta shi ne garaɓasar da ta fi tabbas. A farashin 2024, dala 30 a kowace shiga, sau goma sha ɗaya, dala 330 ke nan. Amma mota ɗaya iyali ke shiga, don haka sau ɗaya za ka ƙirga shi, ko da tikiti huɗu ne a cikin motar. Wanda ke sauka a otal ɗin Disney kuwa dama ba ya biyan fakin a filayen, saboda haka a wurinsa wannan garaɓasa sifili ce.

Rangwamen kaya yana kai wa kashi 20 cikin ɗari, na abinci kuma galibi kashi 10 ne, a zaɓaɓɓun gidajen abinci na zama, ba a yawancin wuraren da ake tsayawa a layi a karɓa ba. Kafin ka rage dala 100 a kan kaya sai ka kashe 500. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, da babu rangwamen za ka sayi rigar da 'yartsanar? In amsar a'a ce, ba ragi ka samu ba, kashewa ka yi. Ka ƙirga rangwame a kan abin da dama za ka saya kaɗai.

Rangwamen otal na masu tikitin shekara shi ne wanda kan yi tsoka, amma ba kullum ake da shi ba, ɗakunan da ake warewa ba su da yawa, kuma sau da dama akwai wani rangwamen na kowa da kowa da ke kusa da shi. Bambancin da ke tsakanin biyun za ka rubuta, ba dukan rangwamen ba.

Daga nan ne dabarar tikiti ɗaya ta fito. Mutum ɗaya a gida ya sabunta, shi zai ja fakin da rangwamen abinci da na kaya da na otal, sauran kuma a saya musu tikitin kwanaki. Sharaɗinta shi ne mai tikitin ya kasance a cikin motar, kuma shi ke biya a wurin ciniki, domin ana neman ganin tikitin, wani lokaci har da katin shaida.

Akwai kuma abubuwan da mutane kan ɗauka suna ciki, alhali ba sa ciki. Hotunan PhotoPass, wato waɗanda masu ɗaukar hoto na Disney ke ɗauka, da filayen wasan ruwa, Typhoon Lagoon da Blizzard Beach, ƙari ne da ake biya dabam, dala 99 kowanne a lokacin da aka fito da tsarin a 2021. Shagulgulan dare na Halowin da na Kirsimeti a Magic Kingdom suna da nasu tikitin, kuma a daren da ake yin su ƙarfe shida na yamma ake rufe wa sauran baƙi, wanda ke rage wa mai zuwa bayan tashi daga aiki darare masu yawa tsakanin Agusta da Disamba. Tsallake layi ma da kuɗi ne. Kafin 2020 FastPass+ kyauta ne; a Oktoban 2021 aka kawo Genie+ na kuɗi, a Yulin 2024 kuma aka maye gurbinsa da Lightning Lane Multi Pass, wanda farashinsa ke hawa da sauka bisa ga rana da fili, ban da manyan lilo da ake saye ɗaiɗai. In ka ga a bara ba ka iya shiga sai ka saye shi, to yana cikin kuɗin kowace rana taka.

Mataki na biyar: kuɗin da kowace shiga ke ci a ɓoye

Tikitin shekara kan sa mutum ya ji kamar shiga kyauta ce, sai ya daina lura da abin da ke fita daga aljihu a ranar. Ɗauko bayanan banki na ranaku uku daga cikin waɗanda ka ƙirga, ka haɗa komai: mai, kuɗin titi, abinci, ƙanƙara mai zaƙi ta yara, hayar keken jariri, rigar ruwa da aka saya saboda hadari ya taso. Daga Tampa kusan mil 70 ne a kan babbar hanyar I-4, awa ɗaya da 'yan mintuna in hanya ta yi kyau. Daga Miami kuwa ya haura mil 200, kusan awa huɗu, kuma da wuya a yi shi ba a kwana a otal ba. Ninka abin da ka samu da yawan shigarka. Ga wanda ke nesa, wannan adadi yana iya fin kuɗin tikitin kansa.

Ana iya rage shi. Disney ta yarda a shiga da abincin gida, in dai ba a cikin kwalba ko mazubin gilashi yake ba, ba ya buƙatar ɗumamawa, kuma babu sakakkiyar ƙanƙara a cikin kula. Ga iyalin da ke kiyaye halal wannan ya warware matsala biyu a lokaci ɗaya. Ana kuma ba da kofin ruwan sanyi kyauta a wuraren sayar da abinci in ka nema. Amma ka yi lissafi da halinka na bara. In ba ka taɓa ɗaukar kula ba a shiga goma sha ɗaya, kada ka rubuta cewa bana za ka fara.

Mataki na shida: ɗora kalandar toshiya a kan kalandar gidanka

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci ga shekara mai zuwa, kuma shi aka fi tsallakewa. Disney na wallafa kalandar kowane tikiti a shafinta. Buɗe ta a gefe ɗaya, kalandar makarantar yara da jadawalin aikinka a ɗaya gefen, ka fara sokewa.

Soke ranakun da aka toshe. Soke ranakun makaranta da na aiki. Soke makonnin jarrabawa da lokacin da za ku yi tafiya gida. In kuna azumi, ku yi wa kanku gaskiya a kan watan Ramadan: yini a tsaye a layi cikin rana da ƙishirwa ba abu ne da yawancin iyalai za su zaɓa ba. Azumin 2026 ya faɗo ne daga tsakiyar Fabrairu zuwa wajen 20 ga Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11, wanda ke nufin a 'yan shekarun nan yana cin watannin da yanayin Fulorida ya fi daɗin fita. Duba kuma ko ranar Sallah da washegarinta ba su faɗa cikin toshiyar hutun makarantu na Maris da Afrilu ba, in a can kuke son kai yara yawon Sallah. Mai Pixie Dust da ke dogaro da Juma'a ya tuna cewa sai an sauko daga masallaci yininsa zai fara.

Daga Yuni zuwa Satumba akwai zafi mai ɗanko da hadarin la'asar kusan kullum, kuma da an ga walƙiya ake tsayar da lilon da ke waje. Lokacin guguwa kuma daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. An rufe filayen saboda guguwar Ian a Satumban 2022 da ta Milton a Oktoban 2024. In kun san ba kwa zuwa a watannin zafi, ku soke su gaba ɗaya.

Abin da ya rage shi ne ranakun da za ka iya zuwa. Ba duka za ka je ba. Ɗauki adadin bara a matsayin iyaka, sai in wani abu ya sauya da gaske, kamar ka koma kusa ko ka canza aiki.

Sai maganar kama gurbi. Mai tikitin shekara na buƙatar kama gurbi a filin da zai shiga, kuma akwai iyakar guraben da zai riƙe a lokaci guda: uku ga Pixie Dust, huɗu ga Pirate, biyar ga Sorcerer da Incredi-Pass. Tun Afrilun 2023 ana iya shiga bayan ƙarfe biyu na rana ba tare da gurbi ba, ban da Magic Kingdom a Asabar da Lahadi, sannan tun Janairun 2024 akwai wasu ranaku da ake sakewa baki ɗaya. Abin lura shi ne, rashin toshiya ba ya nufin tabbacin shiga, domin gurbi na iya ƙarewa. A kan irin wannan ne masu tikitin Dream Key na Disneyland suka kai ƙara, har kamfanin ya amince da sasanci na dala miliyan 9.5 a 2023. In a bara ka sha neman gurbi ka rasa a ranar da kake so, rage wannan daga darajar tikitin.

Mataki na bakwai: me ya sauya a wurin, me ya sauya a gida

Duba abin da aka rufe da abin da za a buɗe a cikin wata goma sha biyun da za ka biya, ba abin da aka yi alkawari nan da shekara uku ba. A Janairun 2025 aka rufe lilon Big Thunder Mountain don dogon gyara, a Yulin 2025 aka rufe kogin Rivers of America da tsibirinsa don gina sabon sashe, aka kuma fara rushe sashen DinoLand na filin Animal Kingdom don wani da aka tsara buɗewa a 2027. Shekarar katangar gini ba daidai take da shekarar buɗe sabon abu ba, kamar 2023 da aka buɗe lilon TRON ko 2024 da aka buɗe na Tiana's Bayou Adventure. A gefe guda, Universal ta buɗe sabon filinta na Epic Universe a 22 ga Mayu 2025, kuma tikitinta na shekara bai ƙunshi shiga can ba a lokacin buɗewar. Iyali da dama kan yi karɓa-karɓa, bana Disney, baɗi Universal, kuma dabara ce mai kyau, domin komai ya fi armashi bayan an yi kewarsa.

A gida kuwa, ɗauko tef ka auna yara da takalminsu. Inci 38, wato santimita 97, ke buɗe Seven Dwarfs Mine Train. Inci 44, santimita 112, ke buɗe Space Mountain da Expedition Everest. Inci 48, santimita 122, ke buɗe TRON. Yaron da ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan a bana zai ga wurin sabo fil, kuma shekararsa ce ta cin moriyar tikiti. Matashin da ya fara cewa shi dai a bar shi a gida, a yarda da shi. Mace mai juna biyu ba za ta hau yawancin manyan lilo ba, jariri kuma yana rage tsawon yini. Tambayi kowa shi kaɗai ko yana son a sabunta masa, kafin a yi maganar a gaban kowa.

Mataki na takwas: zaɓi tsakanin hanyoyi huɗu

Ba sabuntawa ko bari kaɗai ake da su ba. Ana iya sabuntawa a yadda ake, ana iya sauka zuwa tikiti na ƙasa, ana iya sabunta wa wasu a bar wasu, ana kuma iya bari ya mutu a sake saya daga baya.

Sauka ƙasa ita ce amsar da ta fi dacewa da mutane da yawa, kuma gwada ta ba wuya. A farashin Oktoban 2024, tsakanin Pirate da Pixie Dust akwai dala 360 a kan kowane mutum, wato kusan 1,534 da haraji ga mutum huɗu. Koma kan jerin ranakunka ka ƙirga waɗanda Pixie Dust zai hana. In uku ne kacal, kowacce ta ci dala 511, kusan 128 a kan mutum, kuɗin tikitin yini ke nan, don haka babu riba a riƙe na sama. In takwas ne, kowacce ta tsaya a dala 48 a kan mutum, sai a riƙe shi. Haka za ka yi tsakanin Sorcerer da Incredi-Pass: a wancan farashin dala 470 ce a kan ranakun da suka fi kowane lokaci cunkoso a shekara. In ba ka taɓa zuwa a makon Kirsimeti ba, kana biyan abin da ba ka amfani da shi.

Barin tikiti ya mutu yana da fa'ida da ba a cika faɗa ba. Tikitin da aka sabunta yana ɗorawa ne daga ranar da tsohon ya ƙare, ko da a kwana na 29 bayan haka ka biya. Sabon saye kuwa sai ranar da ka fara shiga da shi agogonsa ke tashi. In tikitinka ya ƙare a Mayu, kuma ba za ka koma ba sai Oktoba, sabuntawa ta ƙona maka wata biyar, fiye da sulusin shekara, kuma rangwamen sabuntawa bai kai haka ba. Masu zuwa daga nesa suna da salon da ya fi: a zo a mako na uku na Agustan bana a buɗe tikiti, a dawo a makon farko na Agustan baɗi kafin ya ƙare. Tafiya biyu a kan tikiti ɗaya ke nan, sannan a huta kusan shekara guda ba a biyan komai.

Haɗarin wannan hanya na gaske ne, kuma ya taɓa faruwa. A Nuwamban 2021 Disney World ta dakatar da sayar da sabbin tikitin shekara, ban da Pixie Dust, ba ta dawo da su ba sai Afrilun 2023, alhali masu sabuntawa suna ci gaba da sabuntawa. Wanda ya bar nasa ya mutu a lokacin ya zauna sama da shekara babu. Saboda haka duba ko ana sayar da irin tikitinka ga sabbin masu saye a yanzu. Amma tsoron nan shi kaɗai bai isa dalilin biyan dubban daloli ba. Ko an rufe sayarwar, tikitin kwanaki na nan, ƙofar wurin ba ta rufe maka ba. Tsoron yana da nauyi ne kawai ga wanda lissafinsa ya nuna yana shiga da yawa.

In ka yanke za ka sabunta

Kula da lokaci. A 2023 da 2024 duk a watan Oktoba aka yi ƙarin farashi, don haka wanda kwanakinsa 60 suka buɗe a Satumba gara ya biya da wuri. Ba ya rasa ko kwana ɗaya, tun da sabon zai jira tsohon ya ƙare. Wanda ke shakka kuma farashi bai kusa motsawa ba, ya yi amfani da kwana 30 na bayan ƙarewa ya ga ko za a yi kewar wurin a gida.

Mazauna Fulorida na da damar biya wata-wata ba tare da kuɗin ruwa ba. Sauƙi ne, amma kwangila ce ta wata goma sha biyu, ba a fita daga cikinta a tsakiya don an daina zuwa, kuma in katin banki ya ƙi biya ana iya dakatar da tikitin har sai an cike. Kada ka auna da ɗan adadin wata; ninka shi sau goma sha biyu, sau yawan mutanen gida. Mai tsarin FlexPay na Universal ya ƙara lura, domin bayan wata goma sha biyun farko ana ci gaba da cire kuɗi wata-wata har sai shi da kansa ya soke.

In ka bar Fulorida a cikin shekarar, ba za ka iya sabunta tikitin 'yan jiha ba, domin ana neman shaidar zama, kamar lasisin tuƙi na jihar. Ƙarin hotuna da na wasan ruwa kuma ka sake duba su dabam: mutum ɗaya mai PhotoPass ya isa ya sauke hotunan duk waɗanda aka haɗa da shi a manhaja, babu dalilin saya wa kowa. Bayan ka biya, buɗe manhajar ka tabbatar sabon tikitin ya bayyana a ƙarƙashin sunan kowane mutum da ranar ƙarewa daidai, musamman yara da ke ƙarƙashin asusun babba, sannan ka buɗe shafi a wayarka inda za ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka kashe a duk ranar da kuka shiga.